Tsohon gini na iya riƙe mutum a ƙauyensu? Batun ƙauyukan Armeniya

Malam_Sani_Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wata magana ina so waɗanda suka san Armeniya su auna min ita. Ƙasar ƙarama ce, tana maƙale tsakanin Turkiyya da Iran da Jojiya da Azarbaijan, ba ta da teku, mutanenta kuma kusan miliyan 3 ne kacal. Amma ƙauyukanta cike suke da tsofaffin gine-ginen dutse, coci-coci da ganuwoyi da maƙabartu, wasu sun haura shekara 1,000. Ni a ganina waɗannan gine-ginen ne suke riƙe da ƙauyukan. Ku duba Tatev da ke kudu, a lardin Syunik. Gidan ibadar ruhubanawa ne tun ƙarni na 9, a bakin kwazazzabon kogin Vorotan. Da can sai mai ƙarfin hali ke zuwa saboda wahalar hanya. A 2010 aka buɗe motar sama mai rataye a igiyar ƙarfe daga ƙauyen Halidzor zuwa Tatev, tsawon mita 5,752, tafiyar kamar minti 12. Tun daga nan baƙi suka yi ta kwarara, mutanen gari suka mayar da ɗakunansu masaukai, mata na sayar da zuma da busassun 'ya'yan itace a bakin hanya. Shi ya sa nake cewa ƙauyen da ya gaji abin tarihi ba ya mutuwa. Ko akwai mai ja?

Zee_Yerevan:
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai ina ja, amma da ladabi. Karatun likita nake yi a Yerevan, babban birnin ƙasar, ƙawata da muke ɗaki ɗaya kuma 'yar wani ƙauye ce a lardin Gegharkunik, gefen Tafkin Sevan, nakan bi ta gida idan an yi hutu. Ƙauyensu akwai tsohon coci, maƙabartarsu kuma cike take da duwatsun nan masu sassaƙar gicciye da suke kira khachkar. Duk da haka in ka bi layinsu gidaje da yawa kwaɗo ya yi tsatsa a ƙofa, ciyawa ta rufe tsakar gida. Da sanyi ya wuce maza ke tafiya cin rani Rasha, aikin gini da shimfiɗa kwalta, sai gab da sabuwar shekara su dawo. Khopan suke ce wa tafiyar. Mata da tsofaffi ne ke noman dankali, su tatsi shanu, su tara kashin shanu su busar don hura wuta da hunturu. Abin da ke riƙe da gidan su ƙawata kuɗin da babanta ke turowa ne. Cocin yana nan, suna girmama shi ƙwarai, amma bai hana kowa tafiya ba.

Ummu_Khalifa:
Ni kam ina bayan Malam Sani, don gani ya kori ji. A Dubai muke zaune, tafiyar kamar awa 3 ce a jirgi zuwa Yerevan, mun je da maigida da yara. A ƙauyen Garni akwai wani haikali mai ginshiƙai 24 da aka gina a ƙarni na 1 Miladiyya, tun kafin su karɓi Kiristanci. In ka ƙara gaba kaɗan sai Geghard, inda aka sassaƙa ɗakunan ibada a cikin dutsen kansa, har da idon ruwa na ɓulɓulowa a ɗaya daga ciki. Wallahi kowane gida a kan wannan hanya yana cin abinci da baƙi. An kai mu wani gida inda mata biyu ke gasa gurasarsu, lavash. Tanderun a ƙasa aka haƙa shi, su kuma suna zaune a bakinsa, ƙafafunsu a wani ɗan rami. Ɗaya tana murza ƙullin da katako, ta jefa wa ɗayar, ita kuma ta riƙa wurga shi daga hannu zuwa hannu har ya yi faɗi da siriri, ta shimfiɗa a kan wani abu kamar matashi, ta sunkuya ta manna shi da ƙarfi a jikin tanderu. Kafin ka ce kwabo ya yi kumbura, ta zaro da ƙugiyar ƙarfe. Suna busar da shi su jera, ya yi watanni, in za a ci a yayyafa ruwa a rufe da ƙyalle ya dawo da laushi. Matar ta ce ta bakin direbanmu da kuɗin wannan gashi take biyan karatun 'yarta. To wa ya kawo mata kasuwar in ba tsohon ginin ba?

Ɗan_Damagaram:
Hajiya, Garni bai kai kilomita 30 daga Yerevan ba, duk mai zuwa yawon buɗe ido nan ake fara kai shi. Ba za a auna ƙasar gaba ɗaya da shi ba. Kuma ko a Garnin, a 2016 da aka so karkatar da ruwan kogin Azat zuwa gonakin wasu ƙauyuka, mutanen gari fitowa suka yi suka tare hanya har sai da gwamnati ta dakatar da aikin. Manoma ne masu lambuna, ruwa ne ransu. Kuɗin baƙi ƙari ne a kai.

Magini_Ƙofar_Mata:
Ku yi haƙuri in ɗan karkatar da zancen. Ni sana'ata gini. Ta yaya gini ke shekara 1,000 a ƙasar da na ji ana yawan girgizar ƙasa? Da me suke ɗaure duwatsun?

Injiniya_Bala:
Malam Magini, yawanci da wani dutse suke yi mai suna tuf, tokar aman wutar duwatsu ce da ta daskare. Ba shi da nauyi kamar sauran duwatsu, yana karɓar sassaƙa, kuma launinsa kala-kala ne, akwai ja-ja, akwai ruwan hoda, akwai baƙi. A wasu wurare kuma baƙin dutse mai tauri suke amfani da shi. Dabarar ita ce bango biyu suke jerawa na sassaƙaƙƙun duwatsu, na waje da na ciki, sai su cika tsakani da tsakuwa da kwaɓin farar ƙasa. In ya bushe duka ukun sun zama abu ɗaya. Tagogi ƙanana, bango mai kauri, nauyin ƙubba kuma a kan bakuna huɗu yake sauka.

Amma kada a ɗauka ba sa faɗuwa. Haikalin Garni da Hajiya ta gani, girgizar ƙasa ta 1679 ta zubar da shi, ya yi kusan shekara 300 a warwatse, sai tsakanin 1969 da 1975 aka tattara duwatsunsa aka sake tayar da shi. Tatev ma girgizar 1931 ta rusa ƙubbar babban cocinsa da hasumiyar ƙararrawa. Abin da ya fi burge ni a Tatev wani ginshiƙi ne mai tsayin kamar mita 8 daga farkon ƙarni na 10, Gavazan. An dasa shi yadda in ƙasa ta motsa zai karkata ya dawo daidai.

Zee_Yerevan:
Girgizar da har yau suke kuka da ita ita ce ta Spitak, 7 ga Disamba 1988. Mutum kusan 25,000 suka rasu. Dogayen benayen siminti na zamanin Sobiyet ne suka fi kashe mutane. Ƙauyukan arewa da yawa ba su koma yadda suke ba tun daga lokacin.

Magini_Ƙofar_Mata:
Na gode Injiniya. To ai wannan bayani ya taɓa maganar Malam Sani. Ginin ƙasa irin namu, in mutane suka tashi aka daina yaɓe da gyaran indararo, damina kaɗan ce za ta mayar da shi tudu. Saboda haka a wurinmu in ka ga tsohon soro a tsaye, akwai masu shi a kusa. Ginin dutse kuwa zai iya tsayawa shi kaɗai ko babu kowa a garin. Kenan ganin coci a tsaye ba shaida ba ce cewa ƙauyen na da rai.

Abu_Hafsa:
Tambaya don Allah. Duk hoton Armeniya da na gani sai da wani dutse mai dusar ƙanƙara a ka, ana cewa a nan jirgin Annabi Nuhu alaihis salam ya tsaya. Yaya abin yake?

Ɗan_Damagaram:
Ustaz, Ararat ne, tsayinsa mita 5,137, kuma a yau cikin Turkiyya yake, ba cikin Armeniya ba, duk da cewa shi ne a tambarin ƙasarsu. Na yi karatu a Turkiyya, ta ɓangarensu na gan shi. Alƙur'ani a Suratu Hud aya ta 44 Judiy ya ambata, kuma akwai dutse mai wannan suna kusa da garin Cizre a kudu maso gabashin Turkiyya, nesa da Ararat ƙwarai. Iyakar ƙasashen biyu a rufe take tun 1993, don haka manomin da ke ganin dutsen daga gonarsa kullum ba shi da hanyar zuwa kai tsaye, sai ya zagaya ta Jojiya.

Yakubu_Jos:
Salama gare ku duka. A Littafin Farawa ma duwatsun Ararat aka ce, wato yanki ne, ba a nuna ƙololuwa guda ba. Hoton da ɗan'uwa Abu Hafsa ke gani yawanci daga gidan ibadar Khor Virap ake ɗaukarsa, kusa da iyaka. A nan ne bisa tarihinsu sarki Tiridates na 3 ya jefa Girigori mai wa'azi cikin rami na tsawon shekara 13, daga baya sarkin ya tuba, ƙasar ta karɓi Kiristanci a matsayin addinin mulki a shekara ta 301. Har yau ana sauka ramin ta tsanin ƙarfe.

Amma abin da ya kawo ni shi ne, Malam Sani, ina ganin ka juya maganar. Kai ka ce gini ne ke riƙe da ƙauye. Ni na ce ƙauye ne ya riƙe gini. A zamanin Tarayyar Sobiyet an rufe majami'u masu yawa, wasu aka mayar da su rumbun hatsi na gonar gwamnati, limamai suka yi ƙaranci. Tsofaffin mata ne suka ci gaba da zuwa kangon suna kunna kyandir, suna share ƙasa. Na yi tafiyar ziyara da ƙungiyar ikilisiyarmu, kuma abin da ya tsaya min a rai ba manyan wuraren ba ne. Wata 'yar ƙaramar majami'a ce a bayan gari, rufinta ya rufta rabi, amma bangon ya yi baƙi da hayaƙin kyandir, ga ƙyallaye an ɗaɗɗaure a reshen bishiyar da ke ƙofa. Wani iyali sun yanka rago a gefe saboda ɗansu ya dawo lafiya daga aikin soja. Matagh suke ce wa wannan sadaka, da ruwa da gishiri kawai ake dafa naman, a raba wa maƙwabta da mabuƙata. Babu mai sayar da tikiti a wurin, babu baƙo ko ɗaya sai mu.

Malam_Sani_Tarihi:
Ɗan'uwa Yakubu, maganarka ta yi kyau, amma ni ƙarfafa ni ta yi. In mutum yana da wurin da kakarsa ta kunna kyandir, ko ya tafi Rasha zai dawo, zai turo kuɗi a gyara rufin. Wannan ma riƙo ne. Ku duba Oshakan, inda kabarin Mesrop Mashtots yake, wanda ya ƙirƙiro musu haruffan rubutu a shekara ta 405. Malamai na kai 'yan makaranta can. Ƙauyen da al'umma gaba ɗaya ke kai 'ya'yanta ziyara ba za a bar shi ya zama kufai ba.

Baba_Tsohon_Soja:
Yara, ku bar ni in sa baki. Ni a rundunar sojan sama na yi aiki, kuma jiragen MiG-21 muka yi wa hidima. Wanda sunansa ke farkon sunan jirgin, Artem Mikoyan, ɗan wani ƙauye ne a Armeniya mai suna Sanahin, a 1905 aka haife shi. Yayansa Anastas Mikoyan kuma ya daɗe cikin manyan masu mulkin Sobiyet. An ce akwai gidan tarihinsu a ƙauyen da jirgin a girke a ƙofa. Akwai wanda ya gani a cikinku?

Zee_Yerevan:
Baba ina wuni. Na gani, yana nan ƙarƙashin wata rumfar siminti, MiG-21 ne kuwa, kuma tafiyar ƙafa kaɗan ce daga gidan ibadar Sanahin. Gara da Baba ya kawo wannan wuri, don shi ne amsata ga Malam Sani. Gidajen ibadar Sanahin da Haghpat duka na ƙarni na 10 ne, suna kallon juna a saman kwarin kogin Debed a lardin Lori. UNESCO ta sa Haghpat cikin kayan tarihin duniya a 1996, ta haɗa da Sanahin a 2000. Babu darajar da ta fi wannan. Amma mutanen yankin da masana'antar narka jan ƙarfe ta Alaverdi suka dogara, a ƙasan kwarin, kuma an rufe ta a 2018. In ka je za ka ga motocin baƙi sun tsaya, an yi hoto, an sayi safa ɗaya ko biyu wurin tsofaffin da ke saƙa a bakin ƙofa, cikin awa ɗaya an wuce Jojiya. Kwana a Tbilisi babban birnin Jojiya, abinci a Tbilisi ko Yerevan. Me ya rage wa mai gari?

Baba_Tsohon_Soja:
Allah ya yi miki albarka 'yata, ya ba da sa'ar karatu.

Abu_Hafsa:
Na gode da bayanin Judiy. To duk zancen coci nake ji. Babu wani abu na Musulunci a ƙauyukan? Ai ƙasar na tsakiyar ƙasashen Musulmi.

Malam_Sani_Tarihi:
Akwai, Allah gafarta Malam. Tun zamanin Halifa Usman rundunar Habib bin Maslama ta shiga ƙasar, kuma birnin Dvin ya zama mazaunin gwamnonin Larabawa na tsawon lokaci. Girgizar ƙasa ta 893 ta yi masa mummunar ɓarna. Yau kufai ne a tsakiyar gonaki a filin Ararat, kusa da ƙauyen Verin Dvin wanda yawancin mutanensa Assuriyawa ne. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, dangin Salahuddin al-Ayyubi Kurdawan yankin Dvin ne, daga nan kakansa Shadhi ya tashi da 'ya'yansa zuwa Iraƙi.

Zee_Yerevan:
Ƙari a kan na Malam, a ƙauyen Argavand da ke bakin Yerevan, kan hanyar filin jirgi, akwai hubbaren wasu sarakunan Turkumawa na 1413. Hasumiya ce ta dutse mai kusurwa 12, da rubutun Larabci ya zagaye samanta, a tsakiyar gidajen mutane take. Masallacin da muke zuwa kuwa a cikin Yerevan yake, Shuɗin Masallaci na shekarun 1760, wanda Iran ta taimaka aka gyara bayan rushewar Sobiyet.

Bafatake_Agadas:
Ni wanda ya ja hankalina zangon fatake ne na Orbelian, wanda wasu ke kira Selim, a kan mashigar dutsen Vardenyats, sama da mita 2,400. A 1332 aka kammala shi. Dogon zaure ne na baƙin dutse mai ƙofa ɗaya tak saboda ɓarayi da sanyi, haske ta ramukan rufi yake shigowa, ga komayen dabbobi na dutse a jere. Mutum da dabbarsa da kayansa duk a ɗaki ɗaya suke kwana. A ƙofar akwai rubutu da haruffan Larabci, ga kuma na Armeniyanci. Ga Malam Sani: wannan gini lafiyarsa ƙalau, amma babu ƙauye a jikinsa. Hanyar fatauci ce ta haife shi, da fatake suka daina bi sai ya zauna shi kaɗai.

Ɗan_Damagaram:
Tun da Ustaz ya tambaya, a faɗi ɗaya ɓangaren. Har zuwa 1988 akwai ƙauyuka da yawa a Armeniya na Azarbaijanawa Musulmi. Da rikicin ƙasashen biyu kan yankin Karabakh ya tashi suka bar ƙasar, Armeniyawan Azarbaijan su ma suka baro can. Maƙabartun da aka bari a baya, ta kowane ɓangare, da yawa sun lalace. Mafi shahara ita ce maƙabartar Armeniyawa ta Julfa a yankin Nakhchivan na Azarbaijan, mai dubban khachkar. Hotunan tauraron ɗan adam sun nuna ta ɓace bayan 2005, Azarbaijan kuma tana musun cewa ta rusa ta. Su ma Azarbaijanawa suna da nasu ƙorafin kan masallatai da kaburburansu. Abin da nake so a gani shi ne dutse ba ya kare kansa in masu shi sun tafi.

Shugaban_Zaure:
'Yan uwa a yi hattara, kada zancen ya koma na goyon bayan wani ɓangare a yaƙi. A tsaya kan ƙauyuka da gine-gine.

Hajiya_Malama:
Ranka ya daɗe Shugaba, bari in faɗi wanda ba na faɗa ba ne. A 1989 mutanen ƙauyuka biyu sun yi musanya. Armeniyawan Kerkenj da ke Azarbaijan, da Azarbaijanawan Kyzyl-Shafag da ke arewacin Armeniya. Dattawan ɓangarorin biyu suka zauna ba tare da gwamnati ba, suka yarda kowa ya koma gidajen ɗan'uwansa, bisa sharaɗin kowa zai kula da maƙabartar da aka bar masa. An kuma riƙe alkawarin shekaru da yawa, har suna aika wa juna hotunan kaburbura. Ƙauyen na Armeniya yanzu sunansa Dzyunashogh. Duk lokacin da na tuna wannan labari sai jikina ya yi sanyi. Mutanen da aka raba da gidajensu, abin da suka fara sa wa sharaɗi shi ne kaburburan iyayensu.

Yakubu_Jos:
Hajiya Malama, Allah ya saka. Abin da nake nufi ke nan tun ɗazu.

Ummu_Khalifa:
Maganar maƙabarta ta tuna min Noratus, gefen Sevan. Khachkar ɗaruruwa a fili ɗaya, babu biyu masu zane iri ɗaya, gansakuka ta mayar da su ruwan lemo, tumaki na kiwo a tsakaninsu. A kan wasu kaburbura an zana abin da mamacin yake yi a duniya, wani da garma da shanu, wani wurin biki da masu kiɗa. Wata tsohuwa ta bi mu tana nuna mana, saƙarta a hannu. Ita ta ba mu labarin da suke bayarwa, wai da rundunar Taimur, sarkin yaƙin nan na tsakiyar Asiya, ta zo sai mutanen gari suka sa wa duwatsun hulunan yaƙi, maharan suka hango kamar mayaƙa ne suka juya. Na sayi safar hannu wurinta. Zee za ta ce kuɗin kaɗan ne, na yarda, amma ga tsohuwa a ƙauye ba kaɗan ba ne.

Zee_Yerevan:
Anti, ban raina ba wallahi. Abin da nake cewa, kasuwar ta watanni kaɗan ce. Tafkin Sevan yana kan tsayin mita 1,900, da hunturu iska da ƙanƙara ba sa barin kowa ya tsaya a wannan fili. Kuɗin safa zai saya wa tsohuwa magani, amma ba zai hana jikanta mai shekara 20 shiga jirgin Mosko ba.

Injiniya_Bala:
Ga misali ta ɗaya gefen. Fioletovo, tsakanin Vanadzor da Dilijan. Ba su da coci na ƙarni na 10, ba su da khachkar. Molokan ne, wata ɗariƙar Kiristocin Rasha da aka koro zuwa nan a ƙarni na 19. Ba sa cin alade, ba sa shan giya, ɗakin ibadarsu ba hoto ba gicciye. Kabeji da karas suke nomawa, su jiƙa kabejin da gishiri a ganga su kai kasuwannin birni, ga madara. Su ma wasunsu na zuwa Rasha, amma garin a cike yake da yara, gonaki a gyare. Abin da ya riƙe su haɗin kai ne da sana'a.

Malam_Sani_Tarihi:
Injiniya, ƙauye ɗaya ne wannan mai yanayi na daban. Ni ma ga nawa: Areni a lardin Vayots Dzor. A kogon da ke bakin garin aka tono takalmin fata mai shekara 5,500 a 2008, aka kuma gano wurin matsar inabi mai shekara kamar 6,100. Ga Noravank a cikin kwazazzabon jajayen duwatsu kusa da su, da cocin nan mai hawa biyu na 1339 wanda ake hawa ta siririyar matakala a jikin bango, aikin gwanin magini Momik. Kafin a tono kogon, Areni wurin tsayawar direbobin manyan motoci ne a hanyar Iran. Yanzu duk Oktoba ana bikin girbin inabi, mutane na zuwa daga ko'ina. Mu dai ba ruwanmu da abin da suke matsawa, amma manomin inabi ya sami daraja, kuma tarihin ne ya ɗaga sunan garin.

Ɗan_Damagaram:
Malam, kai da kanka ka faɗa: a hanyar Iran. Areni na kan babbar hanyar da ta haɗa Yerevan da kudu. Garni na bakin babban birni. Tatev sai da aka kashe miliyoyin daloli aka rataya masa igiya. Duk misalan nan uku hanya ce ta kai mutane. Akwai gidajen ibada da ganuwoyi da yawa a kan duwatsu waɗanda sai da mota mai ƙarfi ko a ƙafa ake isa, ƙauyukan da ke ƙasansu kuma makarantunsu sun koma ɗalibai 'yan ƙalilan.

Bafatake_Agadas:
Khndzoresk fa, kusa da garin Goris a kudu? A can ma mutanen a cikin kogunan da suka sassaƙa a jikin tsaunuka suke zaune, gida bisa gida, da majami'unsu da maɓuɓɓugar ruwa, har zuwa shekarun 1950 da aka mayar da su sabon gari a saman tudu. A 2012 aka ɗaura gada mai lilo, mita 160, ta ratsa kwazazzabon zuwa tsohon garin. Akwai tsofaffin da a kogon aka haife su, suna nan da ransu. Wannan wa ya riƙe wa? Garin ya tashi gaba ɗaya, bai kuma mutu ba, matsawa kawai ya yi.

Hajiya_Malama:
Akwai kuma sabon abu da ba a ambata ba. A Satumban 2023 Armeniyawa sama da 100,000 suka baro Karabakh cikin 'yan kwanaki, ta Goris ɗin nan suka shigo. Yawancinsu sun bar nasu ƙauyukan da majami'unsu da kaburburansu a baya. Wasu an sauke su a gidajen ƙauye da ke rufe, amma da yawa Yerevan da kewayenta suka nufa, don a nan aiki yake. Malam Sani, wannan ya kamata ka sa a ma'auninka. Mutanen da suka fi kowa sanin zafin rabuwa da wurin tarihi, da aka ba su zaɓi, inda za su ciyar da 'ya'yansu suka duba.

Malam_Sani_Tarihi:
Na sa, Hajiya, kuma abin tausayi ne. Sai dai har yanzu ina kan cewa in aka ɗauki ƙauyuka biyu masu hanya iri ɗaya da ƙasar noma iri ɗaya, mai tsohon gini ya fi ɗayan abin kamawa. Yana da dalilin da zai sa a yi masa kwalta, yana da dalilin da zai sa 'ya'yansa na Mosko da Faransa da Amurka su tuna da shi.

Magini_Ƙofar_Mata:
Su tuna da shi su turo kuɗin gyaran ƙubba, ko su dawo su zauna? Ba ɗaya ba ne fa, Malam.

Zee_Yerevan:
A ƙauyen su ƙawata na farkon aka yi. Wani ɗan garin da ya yi arziki a Rasha ya gyara cocin tsaf, ya kafa famfon ruwan sha na dutse a bakin hanya da sunan mahaifinsa. Yakan zo da iyalinsa a watan Agusta, 'ya'yansa Rashanci ya fi musu sauƙi a baki. Babanta kuma yana cikin masu yi masa aiki a can.

Abu_Hafsa:
Hajiya Ummu Khalifa, wane wata ya fi dacewa mutum ya je, kuma yaya kuka yi da abinci a ƙauyukan?

Ummu_Khalifa:
Ustaz, daga Mayu zuwa Oktoba. Da hunturu dusar ƙanƙara na rufe wasu hanyoyin kan duwatsu, har da ta zangon da Bafatake ya ambata. Abinci kuwa a Yerevan akwai gidajen abincin Iraniyawa da na Larabawa. A ƙauye mu lavash muka riƙe da cuku da zuma da ƙwai da kifi, ga tumatir da ganye da 'ya'yan itace a wadace. Ka dai tambaya kafin ka ci gasasshen nama, don na alade ya fi yawa a wurinsu, kuma in an miƙo maka abin sha a ƙaramin kofi ka ce shayi kake so, ba sa jin haushi.